Kashe-Kunna da Foldar Ɗakin Sama

Ba da sunan Kashe-Kunna aka haife shi ba, bakinsa ne ya jawo masa. Duk ƙarar da ka kai masa, ko kwamfuta ce ta daskare, ko firinta ce ta cije takarda, ko fanka ce take kuka, tambayarsa ɗaya ce: "Ka kashe ka kunna?" Abin haushin kuma shi ne in ka yi hakan sai abin ya tashi, ka koma wurin zamanka kana jin kamar an zage ka. Ranar da Baba Mai Inji ya zo aiki da ciwon haƙori, kumatu a kumbure, Kashe-Kunna ya buɗe baki zai yi tambayar tasa, Baba ya ɗaga masa sifana, ya haɗiye maganarsa.

Mahaifinsa mai gyaran rediyo ne, a cikin wayoyi da ƙaurin dalma ya yi rarrafe. Da mahaifin ya rasu, ƙanwar mahaifin ta ɗauke shi, ita ce Gwaggo. Satin farko a gidanta ya sauke agogon bango ya warware shi kaf, ya mayar, noti biyu suka yi saura a tafin hannunsa, agogon kuma ya ci gaba da tafiya lafiya lau. Gwaggo ta dubi agogo, ta dubi yaro, ta rasa wanda za ta daka a cikinsu. Daga nan ta sallama shi ga ƙarafa. Ya girma, ya koyi kwamfuta a shagon wani mutum, ya zama irin mutanen nan da na'ura ke jin maganarsu amma in suka tsaya gaban ɗan Adam sai harshe ya ƙulle. Furfura ta fara leƙowa a gemunsa bai yi aure ba. Gwaggo ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta yi habaici, har ta gaji ta zuba masa ido.

Maɗaba'ar da yake aiki ta Gwaggo ce, mijinta ya bar mata, kuma duk ma'aikata Gwaggo suke kiranta, har Baba Mai Inji da ya girme ta. Ginin ɗaki uku ne da kwamfuta uku, kowace da jinsinta. A ɗakin gaba akwai Sakatare, mai karɓar aiki da tsegumi, da kwamfutarsa da ake kira mai taga saboda hoton da take nunawa in an kunna ta. A baya, inda injin bugawa yake ruri, akwai ta Baba, wadda ake kira mai baƙin allo, don ita ba ta san hoto ba, sai ka rubuta mata abin da kake so harafi bayan harafi. A sama kuma, ɗakin zane, akwai mai tuffa, mai hoton tuffa a jikinta, fara sol, 'yar gayu. Ukun nan ba sa ga maciji da juna. Abin da ɗaya ta ajiye, ɗaya ba ta ganinsa, kamar 'yan'uwan da rabon gado ya kai su kotu.

Shi kuwa Kashe-Kunna ofishinsa ƙarƙashin matakala ne, wani lungu cike da matattun kibod da wayoyi a cukurkuɗe, inda in ya miƙe da gaggawa sai ƙeyarsa ta gaisa da siminti. Babban aikinsa shi ne dako. Yana da filash, ɗan abin nan na kwasar fayil, da ya rataya a wuya da igiyar takalmi. Ya kwashi aiki a wurin Sakatare ya hau da shi sama, in an gama zane ya sauko da shi wurin Baba. Shekara da shekaru haka yake yi, bai taɓa cewa gwiwarsa ta gaji ba, kuma ba don ƙwazo ba ne.

Mai Zane ce dalili. Mace ce mai sanyin magana, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya da take makaranta. Tabarau ɗinta kullum a saman goshi, tana nemansa a kan tebur. Tana da wata 'yar shuka a gwangwanin madara a bakin taga, da kujerar baƙi mai gajeriyar ƙafa ɗaya, wadda duk wanda ya zauna sai ya riƙa rangaji. A kan kujerar nan Kashe-Kunna yake zama yana jiran fayil ya gama shiga filash. Yana kallon layin nan yana cika a allo, yana addu'a a ransa Allah ya sa fayil ɗin ya yi nauyi. Hirarsu ba ta wuce "Malama, ya aiki?" da "Muna fama, Malam." Amma son ta yake yi, so mai tsanani, irin wanda yake sa babban mutum ya tsaya a tsakiyar matakala yana gyara wuyan riga. Bai gaya mata ba, bai gaya wa kowa ba, kansa ma da kyar ya yarda ya gaya wa.

Sai aka yi ɓarnar takardar sabulu. Wani mai kamfanin sabulu ya kawo aikin takardar naɗe kayansa, ya yi ta canja ra'ayi, yau a ƙara shuɗi, gobe a rage kumfa. Kowane gyara Mai Zane ta ajiye shi da sabon suna. Akwai "na ƙarshe", akwai "na ƙarshe na gaske", akwai "na ƙarshe wallahi". Duk suna cikin filash. Baba Mai Inji ya ga "na ƙarshe", ya ce ai magana ta ƙare, ya danna. Aka buga tuli guda da tsohuwar lambar wayar mutumin, wadda yanzu take hannun wata mai ɗinki. Mai sabulu ya zo ya zazzaga rashin mutunci, kafin ya fita ya ce shi inda yake kai aiki da, folda ɗaya ce kowa yake gani, ba wani gardi da yake yawo da igiya a wuya.

Gwaggo ta kira ɗan ɗan'uwanta. "Kai, mene ne wannan folda ɗaya da ake gani a ko'ina?"

Gabansa ya faɗi. Ya san foldar sarai. Ya ce, "Gwaggo, ai sai an sayi saba, wato wata kwamfuta da za ta zauna a tsakiya tana riƙe wa kowa kaya. Ga cin wuta, ga zafi, ga ƙara. Kuma kwamfutocin nan namu uku ba yare ɗaya suke ji ba."

"Zai yiwu ko ba zai yiwu ba?"

Ƙarya ba ta zama a bakinsa in maganar na'ura ce. Ya sunkuyar da kai ya ce zai yiwu.

Aka kawo saba, baƙin akwati mai 'yan fitilu, aka cusa ta a lungunsa, ta ƙwace masa wurin miƙe ƙafa. Ya yi niyyar jan aikin, amma da ya sa hannu sai jinin sana'a ya motsa, ya manta cewa ramin kansa yake haƙawa. Ya ja waya ta bi bango zuwa kowane ɗaki. Ya buɗe folda a cikin sabar, ya sa mata suna Aiki. Saura a jona ta a kowace kwamfuta, ta bayyana a can kamar a nan aka haife ta.

Mai taga ba ta ba shi wahala ba. Ya rubuta mata adireshin sabar da 'yan sandunan nan masu jingina baya, ya ba foldar harafinta, ya ce ta riƙa tunawa kullum, ta ce to. Wahalar Sakatare ne. Washegari ya buɗe kwamfutarsa ya ga foldar cike da fayilolin Baba, ya ce wane mara kunya ne ya zuba masa shara, ya share su tas. Daga baya aka jiyo ihun Baba ya danne ƙarar inji. Sakatare ya ce shi a tasa kwamfutar ya goge, me ya haɗa shi da ta Baba? Ya leƙa kwandon shara zai dawo da su, ya tarar wayam, don abin da aka goge ta waya ba ya biyawa ta kwando. Allah ya taimaka Kashe-Kunna ya sa sabar tana ajiye kwafi. Ya dawo da su, ya zaunar da Sakatare ya ce, "Ɗaki ɗaya ne mai ƙofa uku. In ka shiga ta ƙofarka ka fasa tulu, tulun kowa ka fasa." Sannan ya cire masa ikon gogewa, abin da Sakatare bai yafe masa ba har yau.

Mai baƙin allo kuwa sai da ta sha masa rai. Ita sandunanta gaba suke jingina, kuma ba ta karɓar komai sai an tanadar mata wurin da za a sauke foldar tukuna. Da ta jonu, Baba yana ganin fayiloli amma in ya taɓa sai ta ce ba shi da izini. "An ajiye mini kwano an ɗaure mini hannu!" in ji Baba. Kashe-Kunna ya yi ta fama da maganar wane ne mai fayil, wane ne baƙo, har ta yarda. Ya ƙara mata layi ɗaya a cikin abin da take karantawa in ta farka, don ta riƙa jona kanta ba sai an roƙe ta ba. Ya kashe ya kunna, folda ta fito, Baba ya sa masa albarka.

Ya bar ta sama a ƙarshe. Ya zauna gaban mai tuffa, Mai Zane tana tsaye a gefe, ya rubuta adireshi, ya sa kalmar sirri, sai ga folda ta bayyana a allo. Abu ɗaya ya rage, ɗan ƙanƙane, ya gaya wa kwamfutar ta riƙe kalmar sirrin, ta kuma riƙa jona foldar da kanta duk sanda aka kunna ta. Yatsarsa tana kan wurin. Ya dubi shukar gwangwani, ya dubi kujera mai rangaji, ya ga cewa in ya danna, shi da ɗakin nan sai dai a mafarki. Ya janye hannunsa a hankali.

"An gama, Malama," ya ce. Har ya kai ƙofa ya juyo. "Ki riƙa kashe ta duk yamma in za ki tashi. Saboda lafiyar na'ura."

Washegari da safe wayar lungunsa ta yi ƙara. "Malam, foldar nan ta ɓace."

"Subhanallahi! Gani nan."

Kai, mutumin nan ya ji daɗin duniya a watannin da suka biyo. Kullum da safe waya ta yi ƙara, kullum ya yi salati kamar bai taɓa jin irin wannan masifa ba, ya hau. Aikin da ba ya ɗaukar lokacin shan kofin ruwa, sai ya shimfiɗa shi. Ya leƙa bayan tebur ya taɓa waya, ya hure ƙurar da babu ita, ya kara kunne jikin kwamfuta yana gyaɗa kai kamar likita. Sai can ya sa kalmar sirri, folda ta dawo. A tsakanin nan hira ta fara tsiro. Ya san 'yarta ba ta son lissafi. Ya san shukar sau biyu tana mutuwa tana dawowa. Ita ma ta san labarin agogon Gwaggo, ta yi dariya har ta cire tabarau ta share ido. Ya fara goge riga. Ya sayi wani turare da in ya wuce Baba sai ya yi atishawa.

Ranar da abin ya ɓaci, Gwaggo ta aike shi da sassafe karɓo tawada a wani gefen gari, motar da ya shiga ta lalace a hanya. Kafin ya dawo rana ta take. A ranar kuma akwai aikin wata makaranta da aka yi alkawarin bayarwa kafin azahar, kayan aikin duk suna cikin folda, folda kuwa babu ita a sama, kalmar sirri tana cikin kan mutumin da yake tura mota a bakin titi. Shugabar makarantar ta jira ta gaji, ta kwashe aikinta ta kai wani wuri.

Gwaggo ta tare shi a bakin ƙofa da katan ɗin tawada a kansa. "Me ya sa ta sama ce kaɗai take ɓacewa?"

"Gwaggo, irin waɗannan masu tuffar sai a hankali."

Sakatare, wanda ba a tambaye shi ba, ya ce wallahi ɗan ƙanwar matarsa irinta yake aiki da ita, folda ba ta taɓa ɓace masa ba. Shi dai a ganinsa ba na'ura ba ce, hannun da yake taɓa ta ne. Ya faɗa yana kallon silin.

Duk maganar da aka yi a ɗakin sama tana gangarowa ta matakala ta faɗo lungun Kashe-Kunna. Da yamma ya ji Gwaggo ta hau, tana nishi a kowane taki. Ya ji ta ce, "'Yar nan, ban ƙi ki ba, aikinki kuma ba na raina shi. Amma ta gaba lafiya, ta baya lafiya, ke kullum sai an zo an tashe ki. Yau na rasa makaranta guda. In wata ya ƙare abin nan bai daina ba, zan nemo wanda hannunsa ya saba da ita."

Ya kasa kunne ya ji ko za ta ce laifin mai gyara ne. Ba ta ce ba. Ta ce, "To, Gwaggo, Allah ya huci zuciyarki."

Ya zauna a cikin wayoyinsa, fitilun saba suna ƙyafta masa ido, kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa. Matar da take ciyar da marainiya da wannan aikin, shi ya ja mata, don kawai ya samu ya zauna a karkatacciyar kujera. In ya gyara a ɓoye, za a ce tsoron kora ne ya sa ta nutsu, tabon ya zauna mata. In ya faɗi gaskiya, ya tona kansa a gaban mutum biyun da ya fi jin nauyi a duniya. Ya miƙe da ƙarfi, ƙeyarsa ta daki siminti, ya hau yana dafe da kai.

"Gwaggo, ba laifinta ba ne. Nawa ne. Akwai abin da ban danna ba."

Ya zauna, ya sa kwamfutar ta riƙe kalmar sirri, ya sa ta riƙa jona kanta. Kafin Gwaggo ta gama gyara zaman mayafinta ya gama. Ta ce a gwada a gabanta. Aka kashe, aka kunna, folda ta fito da kanta, ta zauna daram a allo.

"Shi ke nan?" in ji Gwaggo. "Wannan ɗan abin ne wata da watanni?"

"Shi ke nan."

"To me ya hana ka dannawa tun farko?"

"Mantuwa ce, Gwaggo."

Gwaggo ta dube shi daga gogaggiyar riga har takalmi, ta ja hanci. "Mantuwa. Kullum da safe. Da turare." Ta juya wurin Mai Zane. "Ke kuma, duk tsawon lokacin nan ba ki lura cewa kashewar ce take ɓatar da ita ba? Ko sau ɗaya ba ki bar ta a kunne kin gani ba?"

Mai Zane ta sauko da tabarau daga goshi ta sa a ido, ta ƙura wa allo. "An ce saboda lafiyar na'ura ne, Gwaggo."

Gwaggo ta ce, "Allah ya shirye ku," ta nemi gafarar Mai Zane a kan maganar kora, ta sauka tana magana ita kaɗai. Kashe-Kunna ya so ya ce a yafe masa, harshen ya ƙulle kamar yadda ya saba. Mai Zane ba ta ɗago ta dube shi ba. Ya bi bayan Gwaggo sumui-sumui, ya tabbata a ransa cewa ta tsane shi, kuma ya ga tana da gaskiya.

Daga nan komai ya tafi daidai, kuma bai taɓa shiga baƙin ciki irin na lokacin ba. Sakatare ya zuba aiki a folda, ya bayyana a sama. Mai Zane ta gama, ya bayyana wurin Baba. Ba a sake buga tsohon fayil ba. Gwaggo tana yabonsa a gaban baƙi, tana cewa ɗanta ne ya haɗa. Shi kuwa yana lungu, ba mai nemansa sai firinta in ta cije takarda. Da safe ya ji takun Mai Zane a saman kansa tana hawa, da yamma ya ji ta tana sauka, in sun yi kiciɓis a ƙofa su gaisa a tsaitsaye kowa ya kama gabansa. Ya daina goge riga. Baba ya daina atishawa, har ya tambaye shi ko turaren ya ƙare ne, ya ce e. Abin da ya rage masa shi ne allon sabar, inda yake ganin kwamfutoci uku a jere, kowace a jone. Sai ya zauna yana kallon ta ukun, yana ganin sanda ta buɗe fayil da sanda ta rufe.

Wata safiya wayar lungu ta yi ƙara. Ya ɗauka a kasalance, yana zaton Sakatare ne.

"Malam, foldar nan ta ɓace."

Ya dubi allon saba. Mai tuffa tana nan a jone, lafiyarta ƙalau, har da fayil a buɗe. Ya buɗe baki zai gaya mata haka, don shi ƙarya a kan na'ura ba ta zama a bakinsa. Sai ya rufe.

"Gani nan," ya ce.

Ya tarar da ita zaune, hannu biyu a kan cinya. Ga folda nan a tsakiyar allo, ƙatuwa, da sunanta a rubuce, ko daga bakin ƙofa ana ganinta. Ya dube ta, ita ma foldar take kallo, murmushin da take dannewa kaɗai ya nuna halin da take ciki.

"Ka gani ko, Malam?" ta ce a hankali. "Babu ita."

Kashe-Kunna ya matso, ya sunkuya, ya ƙare wa foldar kallo da kyau.

"Lalle babu ita, Malama," ya ce. "Wannan gyaran kuwa zai ɗau lokaci."

"Ba na sauri," in ji ta.